Randar da Na Ce a Fasa

Ranar Alhamis da daddare, mun idar da isha'i ke nan, na ji wani abu yana kuka a bayan ɗakin kakata. Ba kukan gyare ba ne, ba kuma na jaɓa ba. Wata siririyar tsuwwa ce, ta yi tsiii ta ɗan tsaya, ta sake ɗauka, kamar mutum yana zuƙar iska ta tsakanin haƙoransa. Na miƙe zaune a kan tabarma da waya a hannu. Da fari na zaci mutanen ɓoye ne na bakin kogi, waɗanda ake cewa suna hawowa gari idan ruwa ya fara cika. Na yi addu'a na tofa. Kukan bai fasa ba.

Kafin in gaya muku abin da na tarar, bari in koma baya kaɗan saboda waɗanda yau suka fara karanta ni.

Sunana Afra. Gidanmu gidan ginin tukwane ne a Wudil, daga soronmu ana jin motoci suna hawa gada. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, ƙaninsa Baffa Ya'u ne ya riƙe mu, shi ne kuma mai kai kayanmu kasuwa. Kakata, Iya Babba, ita ce maginiyar gidan. Ni kuwa ban iya gini ba, ko kasko na ɗora sai ya karkace. Kunne Allah ya ba ni. Idan aka kwashe tukwane daga wuta suka huce, ni ake kira. In ɗaga tukunya a hannun hagu, in ƙwanƙwasa ta da zoben azurfar da Iya ta ba ni. Lafiyayya tana amsawa garau, sautin ya yi ta kewaya cikinta kafin ya mutu. Mai tsaga kuwa, ko tsagar ba ta kai kaurin gashi ba, sai ta ce ƙaf ta yi shiru. Wadda ta ce ƙaf bayan ɗakin Iya ake kai ta, a farfasa, a daka tsingaron a cuɗa da sabon yumɓu.

Tun ina shekara goma sha huɗu nake wannan aiki, lokacin da kunnen Iya ya fara nauyi. Shekara tara ke nan. Bugu ɗaya nake yi, ba na maimaitawa. Har maƙwabta suna kawo nasu. Daminar bara maƙwabciyarmu Goggo Rahinatu ta kawo min tukwane da sassafe, na ware goma sha ɗaya na ce a fasa. Ta tsaya tana juya ɗaya a hannu, ta ce, “'Yar nan, ni fa ban ga komai a jikinsu ba.” Na ce, “Goggo, ai ba gani ake yi ba.” Ta kwashe ta fasa da hannunta. Haka nake. Kuma ba a tukwane kaɗai ba. Samari huɗu suka zo soron nan, kowanne zama ɗaya muka yi na ce ya tafi.

Na biyar shi ne Ja'afar.

Mutumin Darki ne, dogo, baƙi, hularsa kullum kamar za ta faɗi ta baya amma ba ta faɗuwa. Aikinsa a gonar jami'a yake, kuma aikin da ban taɓa jin irinsa ba: auna ruwan sama. Wai akwai wani gwangwani da aka kafa a fili, duk safiya sai ya je ya duba yawan ruwan da ya taru ya rubuta. Ranar da ya fara gaya min na yi dariya har na riƙe ciki. Ya ce sau biyu yake dubawa, ya karanta, ya ɗan zaga ya dawo ya sake karantawa.

“Don me? Ruwan ƙaruwa yake yi in ka juya baya?”

“A'a. Idona ne ban gama yarda da shi ba.”

Abin da ya fara ɓata min rai da shi ke nan. Mutum ba ya taɓa cewa eh sai ya ɗora mata wataƙila. Kun san dai tambayar da kowace budurwa take yi. Na tura masa a waya: “Malam, wai da gaske kana sona?” Na ga alamar yana rubutu, ya goge, ya sake, har shayina ya huce. Amsar da ta zo ita ce: “Ina sonki, wannan na duba shi ya fi sau biyu. Abin da ban tabbatar ba shi ne ko na isa in riƙe ki yadda ya kamata. Ina ƙoƙarin in isa.”

Ku faɗa min tsakani da Allah, wannan zance ne? Ƙawayena ana tura musu baitoci, ana ce musu taurari, ni ana gaya min ba a tabbatar ba.

Gida kuwa kowa ya so shi. Iya ta ce yana da zaman mutane. Baffa ya je Darki ya yi bincike ya dawo ya ce bai ji komai ba sai alheri. Iyayensa suka kawo kayan gaisuwa, goro da alewa da turmin atamfa biyu, aka ajiye a ɗakin Baffa. Ba wanda ya tilasta min, gaskiya. Amma duk wadda ta shigo gidan sai ta kalle ni ta kalli sama ta ce, “Allah dai ya sa na biyar ɗin ya zauna.” Wannan kallon ya fi faɗa ciwo.

Sai ranar Talata.

A dangin su Ja'afar suna da wata al'ada: uwar namiji ita ke gina wa yarinyar da ake nema randa da hannunta, a aiko da ita tun kafin a sa rana. Mahaifiyarsa maginiya ce ita ma, sai dai ta tsufa, hannunta yana rawa, ta yi shekara uku ba ta taɓa yumɓu ba. Saboda ni ta sake zama. Ja'afar ya ɗauro randar a bayan babur, ya naɗe ta da ɗanyar ciyawa da tsohon bargo. A hanya ruwa ya ɗan taɓa shi, ya fake a wata rumfa, ya iso bayan la'asar da farar shaddarsa duk feshin taɓo.

Na fito soro cikin atamfata mai ruwan ganye, na yafa mayafi ruwan madara, lallen hannuna bai gama dushewa ba. Baffa yana zaune, Iya ta dafa bango ta leƙo, Goggo Rahinatu ma ta shigo ganin randa. Aka gaisa, aka tambayi mutanen Darki ɗaya bayan ɗaya, aka tambayi shuka. Sannan Ja'afar ya warware bargon.

Randa ce baƙa, mai faɗin ciki, an zana mata ƙananan layuka a wuya kamar sawun kaza. Layukan sun ɗan karkace inda hannu ya yi rawa. Jikinta a bushe yake a ido, iskar hanya ta busar da shi.

Goggo Rahinatu ta ce, “To Malama Kunne, a ji ta bakinki.”

Na durƙusa, na karkata ta, na buga zobe sau ɗaya.

Ƙaf.

Na miƙe na karkaɗe hannu. “A tsage take.”

Ja'afar ya durƙusa ya shafa cikinta. A hankali ya ce, “Ko dai danshi ne? Ta sha ruwa a hanya, ciyawar ma ɗanya ce. Ban sani ba fa, ke kika fi ni sani. Na ce ko za a bar ta ta sha rana a sake ji.”

A gaban Baffa, a gaban maƙwabta, mai leƙa gwangwani yana koya min aikina. Na ji fuskata ta ɗauki zafi.

“Malam, kai ne ba ka yarda da idonka ba. Ni na yarda da kunnena. A gidan magina aka aiko wa mutum fasasshiyar randa, ai an gama magana.”

Ya naɗe bargonsa, ya yi wa manya sallama, ya tafi. Na sa aka kai randar bayan ɗakin Iya, kan tarin waɗanda za a fasa. Da magariba na sami Baffa na ce a mayar musu da kayansu.

Baffa ya daɗe yana kallona. “Afra, kin san dai kayan gaisuwa in suka koma ba sa dawowa. Ba zan je in tsuguna gaban dattawa sau biyu ba.”

“Na sani, Baffa.”

“Kin tabbata?”

“Yaushe na taɓa cewa abu ban tabbata ba?”

Ya ce shi ke nan, ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zai wuce Darki daga kasuwa.

Laraba da Alhamis aka yi rana mai zafi, ko gajimare babu. Ja'afar ya turo saƙo ɗaya tak: “Ina fatan kin wuni lafiya. In na yi magana inda bai kamata ba, ki yafe min.” Na karanta na kife wayar.

To, mu dawo kan kukan daren Alhamis.

Na kunna fitilar waya na zaga bayan ɗakin, ina tafe ina karanta duk abin da ya zo bakina. Zabuwar Iya mai ido ɗaya, wadda take kwana cikin wani fasasshen tulu, ta leƙo ta kalle ni ta koma. Kukan kuwa daga randar Darki yake fitowa. An sauke ta daga kan tarin, an ɗora ta a kan duwatsu uku, an cika ta da ruwa har wuya. Na kara kunne. Yumɓun ne yake shan ruwa, ƙananan kumfa suna tasowa daga ko'ina a cikinta, kowanne da 'yar muryarsa. Na sha jin sabuwar tukunya tana wannan tsuwwa, amma ban taɓa jin mai ƙarfi da tsawo haka ba. Sai ka ce an tara 'yan tsaki ɗari a cikin rijiya.

“Wane ne a nan?” Muryar Iya ce ta taga.

Na ɗaga murya don ta ji. “Ni ce. Iya, wa ya zuba ruwa a fasasshiyar randa?”

“Ni ce, da hannuna. Ruwanki ne?”

“Zai tsiyaye kafin asuba.”

“To ya tsiyaye mana. Na barbaɗa toka a ƙarƙashinta, kada ki taka min. Je ki kwanta, uwar iyayi.”

Na haska. Ta baza farar toka a tsakanin duwatsun, lumui, kamar an shafe da tafin hannu. Na koma ɗaki ina cewa a raina tsufa ne. Amma wani tunani ya zo min. Randar da take shan ruwa da irin wannan ƙishi, ai ta bushe ƙayau ke nan. In yau ne ta bushe, ranar Talata fa yaya take? Na kori tunanin, ya zaga ya dawo.

Ina idar da sallar asuba na fita, ko ɗankwali ban ɗaura daidai ba. Gari ya fara haske. Ruwan yana nan a wuya, ya ɗan sauka kamar faɗin yatsa, abin da yumɓu ya sha. Jikinta ya yi sanyi, ya yi zufa daidai ko'ina, babu wani layin ruwa da ya nuna tsaga. Na durƙusa na leƙa ƙasa. Tokar tana nan fara sol. Abin da ke kanta kawai sawun wata ƙadangaruwa ce da ta ratsa ta tsakiya, da jan wutsiyarta.

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Na ɗaga hannu zan buga zobe, sai na tuna randa cike da ruwa ba ta amsawa. Ko na juye ruwan, a jiƙe take, ƙaf za ta ce. Ƙaf ɗin da ta ce ranar Talata.

Iya ta fito da butarta, ta tsaya a kaina.

“Ta tsiyaye?”

Na girgiza kai.

“Ɗaga murya, ni kurma ce.”

“Ba ta tsiyaye ba, Iya.”

Ta zauna a kan turmi tana gyara zani. “Jiya da la'asar na zo na kara haɓata a bakinta na buga. Kunnen ya tafi, amma haƙoran da suka rage suna ji. Sai da ta kaɗa min kai har ƙeya. Matar nan ta iya gini. Hannunta yana rawa amma ta fi ni iya wuya.”

“Me ya sa ba ki gaya min ba?”

“In ce me? Ki ce tsohuwa ta ruɗe? Shekara tara ina jira ki tambaye ni abu ɗaya, ba ki tambaya ba.” Ta kurkure baki ta zubar. “Ni da nake da kunne, sau uku nake bugawa. Da safe, da rana, da kuma washegari. In ta ce ƙaf sai in ce ko ni ce, ko sanyi ne, ko raina ne a ɓace. Shekara hamsin ban yarda da kunnena ba, shi ya sa ya yi ta ƙaruwa. Ke kuwa naki yana nan inda yake tun kina sha huɗu.”

Na so in yi musu, wallahi na so. Abin mamaki kuma, maimakon in ji kunya kaɗai, sai na ji kamar an sauke min tulu daga ka. Ashe shekara tara ina ɗauke da wani abu: kullum sai na yi daidai, kullum bugu ɗaya, kowa yana kallo. Ban san yana da nauyi ba sai da ya sauka.

Sai na tuna yau Juma'a.

Na ruga ɗakin Baffa. A kulle. Tun duku-duku ya ɗaure tukwane a kurar turawa ya bi su da babur, kayan gaisuwar ma ya tafi da su. Na kira wayarsa sau shida. Baffa in ya shiga kasuwa wayarsa a aljihun ciki take, ƙarƙashin riga biyu, ko ƙaho aka busa ba zai ji ba.

Na tsaya a tsakar gida ina lissafi. In na aika wani, Baffa zai ce ba daga bakina ya ji ba. In na bari ya dawo, ya riga ya je Darki. Iya tana kallona tana murmushi da haƙoranta huɗu.

“Hijabinki yana kan igiya,” in ji ta.

Wanda bai taɓa ganin Wudil ranar Juma'a ba, ba zai gane ba. Manyan motoci cike da shanu sun toshe hanya tun daga gada, ƙaho a sama kamar busasshen daji yana tafiya. Masu kifi suna bin tagogin motoci da faranti, ƙamshin soyayyen kifi ya haɗu da hayaƙi da warin kashin shanu. Na kutsa da hijabina ruwan toka, takalmina ɗaya ya tsinke na riƙe shi a hannu. Duk hanya ina gwada maganar da zan faɗa. Kalma uku ce, amma ko a zuci sai ta maƙale.

Na sami Baffa a rumfarsa a layin masu tukwane, yana zaune da abokansa uku suna cin gyaɗa. Babur yana jingine, ƙullin kayan gaisuwa a ɗaure a bayansa da roba. Na durƙusa na gaishe su, suka amsa, suka tambayi Iya da jiki. Baffa ya kalli takalmin da ke hannuna.

“Lafiya? Gobara aka yi?”

“Lafiya lau, Baffa. Magana ce.”

“To faɗi, waɗannan duk iyayenki ne.”

Na so ya tashi mu koma gefe. Bai motsa ba. Ina ganin da gangan ya yi.

“Randar nan ta Darki. Iya ta cika ta da ruwa ta kwana. Ba ta zubar ba.”

“To?”

“Lafiyarta ƙalau. Danshi ne, kamar yadda ya faɗa. Na yi kuskure.”

Ɗaya daga cikin dattawan ya tsaya da ɓawon gyaɗa a hannu. Baffa ya karkato kunne. “Hayaniyar shanu ta yi yawa, ban ji ba.”

“Baffa, ka ji.”

“Na ji, amma daɗi ya yi min, ƙara.”

Suka yi dariya, ni ma ban san lokacin da ta kuɓuce min ba, hawaye yana zuba ina dariya. Da suka lafa Baffa ya gyara zama, fuskarsa ta koma ta waliyyi.

“To yanzu me kike so? In kwance kayan, a sa rana?”

Tsohuwar Afra da ta ce eh nan take, don a ga ba ta jinkiri. Na tsaya na saurari zuciyata, karo na farko.

“Kada a mayar. Amma kada a sa rana tukuna. A ba ni wata ɗaya in sake sauraron sa. Zama ɗaya na yi masa hukunci, sauran zaman duk neman shaida nake yi.”

“Kin tabbata shi kike so?”

“Ban tabbata ba, Baffa. Ina dai jin haka.”

Ya daɗe yana kallona kamar ranar Talata, amma wani irin kallo daban. Sannan ya miƙe ya fara kwance robar. “Ni dama tun jiya ƙafata take ciwo,” ya ce. “Darki da nisa.” Ya saya min silifa a rumfar gaba, ya ɗora min ƙullin a ka, ya ce in kai ɗakinsa in kulle.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi tsorata ni. Tsohuwar da ta zauna da hannu mai rawa ta gina min randa, an koma an ce mata na ce fasasshiya ta aiko. Ko kayan ba su koma ba, da wane ido zan kalle ta?

Ina isa gida na zauna a bakin gado na rubuta, na goge, na sake rubutawa. Sai a lokacin na gane abin da yake yi duk sanda na ga alamar rubutu tana zuwa tana ɓacewa.

“Malam Ja'afar, barka da Juma'a. Randar lafiyarta ƙalau. Kai ne da gaskiya, ni ce ban saurara ba. Ka yafe min. Ka kuma roƙa min Innarka gafara, ko ka kai ni in roƙa da kaina.”

Ban kai ga ajiye wayar ba amsa ta shigo.

“Alhamdu lillahi. Inna ba ta san komai ba.”

“Kamar yaya?”

“Ta tambaye ni, na ce randa ta isa, an kuma gode. Sauran na riƙe. Ban tabbatar ta tsage ba, ban kuma tabbatar kin gama magana ba. Na ce bari in zaga in dawo in sake dubawa.”

Na kifa fuska a matashi. Da irina ne shi, da tun daren Talata magana ta gama Darki, tsohuwa ta kwana da baƙin ciki, dattawa sun ɗaure fuska. Wataƙilar nan tasa da nake rainawa, ita ta riƙe ƙofar a buɗe kwana uku.

Na rubuta: “Za ka zo?”

“Wataƙila bayan la'asar.”

“Malam.”

“Zan zo.”

Ya zo, cikin shuɗiyar shadda, hular tana nan a inda take kamar za ta faɗi. Baffa ya ce a shigo da shi har tsakar gida ya ga randar, tunda ta uwarsa ce. An mayar da ita gindin bishiyar darbejiya, an ɗora mata faifai. Na sa atamfar nan dai mai ruwan ganye, da gangan. Na ɗebo ruwa a moɗa na durƙusa na miƙa masa. Ya sha, ya sauke moɗar, ya sake kurɓa.

“Yaya?” in ji Iya. “Ko shi ma sai ka zaga ka dawo?”

“Da sanyi, Iya. Yana ƙamshin ƙasar garinmu.”

“Saura ka koya wa wannan duba abu sau biyu. Ita kuma ta koya maka cewa eh. In kuka haɗu wataƙila a sami mutum ɗaya cikakke.”

Baffa ya yi dariya har da tari. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina juya zobena, raina fes kamar an share tsakar gida bayan ruwa.

Ana cikin haka Goggo Rahinatu ta yi sallama ta shigo, labari ya riga ya tsallaka katanga. Ta gaisa da baƙo, ta zaga randar, ta shafa wuyanta, ta leƙa ƙarƙashi. Ta karɓi moɗar ta sha. Sannan ta goge baki da gefen mayafi ta juyo gare ni. Babu faɗa a muryarta, tambaya ce kawai.

“Wai Afra, tukwanen nan nawa goma sha ɗaya na daminar bara, ai a waje suka kwana, raɓa ta sauka a kansu kafin in kawo miki. Su ma da an bar su sun sha rana, da sun amsa?”

Baffa ya kalli Iya. Iya ta kalli zabuwarta. Ja'afar ya sa ido a cikin moɗa. Ni kuwa na ji zoben ya yi min nauyi a yatsa.